Labarin 'Yan Kamancin Ƙasar Italiya, Masu Wasan Kwaikwayo Da Ka

Ka sani, ya kai mai karatu, a ƙasar Italiya an yi wata sana'a ta ban dariya wadda ta yi wajen shekara 200 tana ciyad da masu ita, ta kuma kai su har fadar sarakunan Turai. Daga baya aka sa mata suna komediya del arte, watau wasan masu sana'a, domin a rarrabe su da 'ya'yan sarauta da ɗalibai waɗanda kan yi wasa don nishaɗi kaɗai. Abin da ya bambanta su da sauran 'yan wasa shi ne ba a rubuta musu maganar da za su faɗa. Su kan hau dandamali gaban jama'a da labari a ka, magana kuwa sai wadda ta zo baki a sa'ar. Wanda ya ji haka ya kan zaci abu ne mai sauƙi, kowa ya buɗe baki ya iya. To, ga yadda al'amarin ya ke.

Fasali na ɗaya: Yarjejeniyarsu

Takarda mafi tsufa da a ke da ita game da ƙungiyar irin waɗannan mutane an rubuta ta a birnin Paduwa ran 25 ga Fabrairu 1545. Mutum takwas suka je gaban magatakardan shari'a, madugunsu wani mai suna Mafiyo, suka ƙulla tarayya ta kusan shekara guda, su yi ta yawo gari gari suna wasa. Sharuɗɗan da suka gindaya, kowane falke zai gane su. Abin da aka samu duka a zuba shi cikin akwati guda mai mabuɗi uku, kowane mabuɗi a hannun mutum dabam. A sayi doki da kuɗin tarayya domin ɗaukar kaya. Wanda ciwo ya kama a hanya a yi jiyyarsa daga cikin akwatin, har ya warke ko a kai shi gida. Wanda ya gudu ya bar 'yan'uwansa kafin wa'adi ya rasa rabonsa, a kuma ci shi tara. An hana su yin cacar kuɗi tsakaninsu. Madugu kuwa shi ke da umurni a kan sha'anin wasa.

Dalilin wannan tsanani a fili ya ke. Falke in ya rabu da ayari ya kan tafi da hajarsa, saura su ci gaba da tasu. Amma hajar waɗannan mutane guda ce, ba ta rabuwa. In mai kwaikwayon bara ya gudu, mai kwaikwayon ubangida ba shi da wanda zai yi wa faɗa, ranar nan kowa ya kwana da yunwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fasali na biyu: Mutanen cikin wasa

Ƙungiya ta kan kai mutum 10 zuwa 12, kowa da halin da ya riƙe, sau da yawa tun yana saurayi har tsufa. Akwai Pantalone, tsohon attajirin birnin Benis, mai jajayen tufafi da baƙar alkyabba da ɗan gemu mai tsini. Marowaci ne, kullum hannunsa na kan jakar kuɗi, ga shi da son auren yarinya sa'ar 'yarsa. Akwai abokinsa Dottore, mutumin Bolonya, birnin da ya shahara da tsohuwar jami'a. Shi kuwa baƙar riga ya ke sawa irin ta masana, a tambaye shi abu kaɗan ya yi ta zuba Latin gurɓatacce har a manta da tambayar. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya ji ɗan kama yana jan baƙi da muryar malami, alhali karatun duka na tuwo ne da miya, ya san irin dariyar da a ke yi wa Dottore. Mai da'awar ilmin da ba shi da shi, shi a ke yi wa ba'a.

Akwai kuma Kaftin, sojan baki, wanda ya kan ce ya kashe dubu, amma in ya ji motsi ya ruga. Sau da yawa a kan mai da shi mutumin Sifen, gama a zamanin nan Sifen ke mulkin Milan da Nafoli, jama'a kuwa suna jin daɗin ganin an kunyata sojan mai mulkinsu. Sa'an nan ga barori, irin su Birigela mai wayo da Arlekino mai rigar faci-faci da sandan katako. An ɗauko halinsu daga talakawan duwatsun Bergamo waɗanda kan gangaro Benis neman aikin dako, kullum cikin yunwa. Tsofaffi da barori suna rufe rabin fuska da fata wadda aka yi wa siffa, kowa kuma da harshen garinsu ya ke magana. Saurayi da budurwa masu son juna su fuskarsu a buɗe ta ke, maganarsu ta fasaha ce. Galibin labarin bai wuce wannan ba: yara suna son aure, tsofaffi sun hana, barori su shirya dabara.

Fasali na uku: Yadda a ke yi ba rubutu

Abu huɗu ke riƙe da sana'ar. Na farko ƙashin labari, takarda ce gajeriya wadda a kan manna bayan labule, tana faɗin wa zai shiga, me zai aukar, wa zai fita. Mutanen Italiya suna kiranta da sunan ƙyallen da a ke yin ado a kansa, kamar dai zanen hula kafin mai ɗinki ya cika shi da zare. Wani madugu mai suna Filaminiyo Iskala ya buga guda 50 a Benis cikin 1611, daga nan aka san yawancin labarunsu.

Na biyu hadda. Kowane ɗan wasa yana da kundinsa, inda ya tara jawabai na soyayya, da na fushi, da na nasihar uba ga ɗa, da karin magana, da baitoci, ya haddace su sarai. In magana ta biyo ta wurin, sai ya zaro wanda ya dace. Misalinsa kamar almajirin da ya riƙe matani a ka, in aka yi masa tambaya ba ya neman littafi. Mai sauraro ya ga kamar yanzu abin ya faɗo masa, alhali kuwa shekaru ya yi yana tilawa. Wani masani na Nafoli, Andireya Feruci, ya wallafa littafi cikin 1699 yana koyad da ƙa'idodin wannan shiri.

Na uku 'yan dabarun ban dariya da a ke ajiyewa don ranar da wasa ya yi sanyi. Misali bara mai yunwa ya bi ƙuda da ido, ya cafke shi, ya fige fukafukansa, ya ci yana lumshe ido kamar ya sami naman kaza.

Na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne sauraro. Tun da ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa zai faɗa, tilas kowa ya kasa kunne, ya san inda zai karɓa da inda zai yi shiru, kada biyu su yi magana tare. Gwani in ya haɗu da wanda ba ya iya mayar masa da magana, gwanintarsa ta tashi a banza. Mai son a yabe shi shi kaɗai, ya riƙa tare wa abokinsa baki, shi ke kashe wasa.

Fasali na huɗu: Ɗaukaka da haɗari

A cikin wannan sana'a mata suka fara hawa dandamali a Italiya. Akwai yarjejeniyar da aka rubuta a Roma cikin 1564 da sunan wata Lukuresiya a ciki, a lokacin da a Ingila samari ke kwaikwayon mata. Wadda ta fi kowa suna ita ce Isabela Andireni, ta ƙungiyar Jelosi, mai ilmi ce kuma mai tsara waƙa. Ta yi wasa a bikin auren sarkin Fulorans cikin 1589. Ta rasu a Liyon cikin 1604 tana komowa daga fadar Faransa, birnin ya yi mata jana'iza ta girma, mijinta Faranchesko kuwa ya bar wasa, ƙungiyar ta watse.

Duk da haka ba su rabu da tsangwama ba. Manyan limaman Kirista, irin su Karlo Boromewo na Milan, sun yi ta ƙoƙarin hana su. Hukuma kuma tana shakkarsu, gama wasan da aka rubuta a kan karanta shi a soke abin da ba a so, amma wanda ya ke cikin ka ba mai iya duba shi sai ya fito. Ƙungiyar da ta zauna a Paris ta daɗe cikin alherin Sarki Luwi na 14, har Moliyer, babban mawallafin Faransa, ya yi tarayya da su a gidan wasa guda, ya ƙaru da su ƙwarai. Amma cikin 1697 aka kai wa sarki labari cewa suna shirin wasan da zai taɓa Madam Mantano, matar da ya aura a ɓoye. Nan da nan ya sa aka rufe gidansu aka kore su. Baki shi ke yanka wuya. 'Yan wasan Italiya ba su koma can ba sai 1716, bayan rasuwar sarkin.

Fasali na biyar: Abin da ya rage

Da tafiya ta yi nisa sai sana'ar ta soma lalacewa, magada suka daina cika kundi, suka dogara ga tsofaffin dabaru da batsa. Sai wani lauya na Benis, Karlo Goldoni, ya tashi gyara, ya riƙa rubuta wa kowa maganarsa, yana kuma raba su da fatar fuska. Wasansa na bara mai iyayengiji biyu ya fara tsara shi cikin 1745 a kan tsohuwar hanya, domin wani gwani mai suna Antoniyo Saki, amma cikin 1753 ya buga shi da magana cikakkiya. Wani mai suna Karlo Gozi ya yi jayayya da shi ƙwarai, yana kāre tsohuwar al'ada. Goldoni ya ƙaura Paris cikin 1762, ya rasu can cikin talauci a 1793. Kafin ƙarnin ya ƙare, yin wasa da ka ya kusa ƙarewa a Italiya. Rubutu ya tsare labarun daga ɓata, amma ya rage bukatar gwanayen da ke ɗauke da su.

Irin bai mutu ba. Cikin 1947 Jojiyo Istirela ya farfaɗo da wasan baran nan a Milan, wani ɗan wasa kuma, Ferucho Soleri, ya riƙe halin Arlekino fiye da shekara 50. A Amurka, a birnin Shikago, waɗansu samari suka kafa ƙungiyar Compass cikin 1955 suna wasa da ƙashin labari kamar mutanen dā, daga cikinta aka haifi gidan wasan Second City cikin 1959, wanda ya yaye 'yan ban dariya masu yawa. Ƙa'idar farko da a ke koya wa almajiri a irin waɗannan gidaje ita ce kada ya ƙaryata abin da abokinsa ya kawo, ya karɓa ya ɗora nasa a kai. Masu wannan sana'a a ƙasashe da dama su kan yi biki kowace shekara ran 25 ga Fabrairu, domin tunawa da mutum takwas ɗin nan na Paduwa da akwatinsu mai mabuɗi uku.

Tamat, wasalam.