Sulhu Kafin Baiko: Koyarwar Kirista a Kan Husuma da Yadda Ta Kaya a Ƙasar Maraɗi

Duk wanda ya zauna a kwarin Gulbin Maraɗi, tun daga Tsibirin Gobir har zuwa Jiratawa da Danja, ya san cewa a tsakanin ɗimbin Musulmin da ke noma wannan ƙasa akwai wata 'yar jama'a ta Kirista, Hausawa haifaffun wurin, waɗanda ake jin amon waƙarsu kowace safiyar Lahadi, ake kuma cuɗanya da su a kasuwa da gona da wurin ta'aziyya, amma kaɗan ne daga maƙwabtansu suka taɓa bin bahasin abin da addininsu ya wajabta musu idan husuma ta shiga tsakaninsu. Asalin yawancinsu yana komawa ga mishan ɗin SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa zango a Tsibiri a 1927, ya shiga Maraɗi a 1940, sa'an nan ya buɗe asibitin masu kuturta a Danja a 1956. 'Yan Katolika kuwa sun sami bishop nasu a Maraɗi a 2001, lokacin da aka naɗa Ambroise Ouédraogo. A ƙidayar 2012 Kiristan Nijar duka ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Jama'ar da ta ƙaranta haka, kowa ya san kowa, aure ya sarƙe gida da gida, ba ta da inda za ta ɓoye saɓani, don haka mas'alar sulhu a wurinta ba zancen mumbari kaɗai ba ce.

Tushen al'amarin a aƙidarsu shi ne cewa ɗan Adam ya saɓa wa Mahaliccinsa, Mahaliccin kuwa shi ya fara neman sulhu ta hanyar Yesu Almasihu, alhali shi aka yi wa laifi. Daga nan suke ciro hujjar cewa wanda aka yafe wa babban bashi ba shi da bakin riƙe ƙarami. Linjilar Matiyu, sura ta 18, ta kawo misalin wani bara da sarki ya yafe masa dukiyar da ba zai iya biya ba ko da ya shekara dubu yana ƙwadago, amma da fitarsa ya shaƙe wuyan abokin barantakarsa a kan 'yan dinarai, sai sarki ya janye afuwarsa. Ko a addu'ar da suke kira Addu'ar Ubangiji, mai roƙo da bakinsa yake ɗaura gafarar da yake nema a kan gafarar da shi ya yi wa wasu, wanda kuwa sharaɗi ne mai nauyi ga duk wanda ya lura da abin da yake furtawa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan koyarwa shi ne ba ta tsaya ga kwaɗaitarwa ba, sai da ta shimfiɗa hanya daki-daki. A sura ta 5 ta Linjilar Matiyu an umurci wanda ya kawo baikonsa wurin ibada, ya kuma tuna akwai ɗan'uwan da ke riƙe da shi a zuciya, da ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna. A sura ta 18 kuwa wanda aka cuta ne aka ce ya tashi ya tafi. Idan aka haɗa nassosin biyu, sai a ga an toshe ƙofar da kowa ke fakewa a bayanta, ta cewa shi ya kamata ya zo ya same ni: mai laifi an ce ya je, wanda aka yi wa laifi ma an ce ya je. Matakan kuma uku ne. Da fari ganawa a asirce, su biyu kawai, domin kada a tozarta mutum kafin a ji ta bakinsa. In ya ƙi, a tafi da mutum ɗaya ko biyu su zama shaidu. In ya sake ƙi, sai a kai maganar gaban ikilisiya. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, tun da ya san haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, ya kuma san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai bawan ya yafe.

A ce masu bi biyu suna noman rani a fadamar Jiratawa, inda ake raba ruwan famfo bi da bi, ɗaya ya karkatar da ruwa zuwa fangalinsa na tattasai a ranar ban ruwan ɗan'uwansa, har zogalen wancan ya yi yaushi. Wanda aka cuta ya nufi gidan dattijon ikilisiya bayan magariba, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma, ya fara zayyana ƙara. Dattijon da ya san aikinsa ba zai bar shi ya yi nisa ba.

"Ɗana, ka je ka same shi kai kaɗai?"

"A'a, Baba, ai ni aka cuta."

"To, tashi ka je. Ni ban ji komai ba sai ka dawo."

A nan ne, a ganina, wahalar take, domin tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kunya da kara, kuma fuskantar mutum ido da ido a faɗa masa laifinsa abu ne da ake ɗauka rashin ladabi, musamman in ya girme ka ko surukinka ne. Saboda haka sai a tsallake matakin farko, a faɗa wa aboki, abokin ya faɗa wa matarsa, maganar ta zaga taron zumuntar mata ta dawo da ƙari, har ya zama wanda ake tuhuma shi ne na ƙarshen ji. Da yawa daga rigingimun da ke kai wa ga horo, wato a dakatar da mutum daga cin Jibin Ubangiji har ya tuba a gaban jama'a, da an bi ƙa'ida da sun mutu a zaure tsakanin mutum biyu.

Game da haɗin kai kuwa, Linjilar Yahaya, sura ta 17, ta ruwaito cewa a darensa na ƙarshe da almajiransa Yesu ya roƙa musu su zama abu guda, ya kuma mai da wannan hujjar da duniya za ta gaskata su da ita. Sai dai littafin nasu bai ɓoye cewa an kasa tun da wuri ba. Masu bi na Urushalima sun yi gunaguni a kan rabon abinci ga gwauraye mata, har aka naɗa mutum bakwai su kula da shi; na Korinti sun rabu ƙungiya-ƙungiya, kowa yana jingina kansa ga malamin da yake so, suna ma kai juna ƙara gaban alƙalan gari, abin da Manzo Bulus ya tsawata musu a kai ƙwarai; shi kansa Bulus ya yi sa-in-sa da Barnaba a kan Markus har suka raba hanya, ko da yake daga baya ya aika a zo masa da Markus ɗin.

Ikilisiyar ƙasar Maraɗi ba ta tsira daga wannan jarrabawa ba. Majami'un da suka fito daga aikin SIM sun haɗu a ƙungiyar EERN a farkon shekarun 1960, daidai da samun mulkin kai, suka zauna inuwa ɗaya kusan shekara talatin, kafin wajejen 1990 ƙungiyar ta dare, UEEPN da Ikilisiyar Salama suka tsaya da ƙafafunsu. Ba aƙida ce ta raba su ba, domin littafinsu ɗaya ne, waƙoƙinsu ɗaya. Abin da aka yi jayayya a kai ya fi karkata ga shugabanci da dukiyar ikilisiya da yadda za a zauna da mishan. Daga baya an sami inuwar AMEEN, wadda ta tara majami'u da mishan-mishan na bishara a ƙasar, amma kowace ƙungiya ta ci gaba da riƙe sunanta da shugabanninta.

Abin mamaki, afuwa ga na waje ta zo musu da sauƙi fiye da wannan. A Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wadda Kiristan Nijar ba su da hannu a cikinta ko kaɗan, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu, 'yan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. A Yuni 2019 aka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya a Maraɗi. Bayan fitinar 2015 shugabanninsu, Katolika da 'yan bishara, sun fito fili sun ce sun yafe, ba a kuma ji an ɗauki fansa ba. Haka nan wajibi ne a ambaci Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu a waɗannan ranaku, da malaman da suka yi tir da ƙone-ƙonen.

Wasu sukan tambaya ko irin wannan afuwa ba ta zama lasisi ga mai ɓarna ba. Malamansu suna rarrabewa tsakanin ramuwa, wadda aka hana wa mutum, da hukunci, wanda wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta bar wa mahukunta. Suna kuma kafa hujja da Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, wanda da ya tuba ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Don haka manomin nan na Jiratawa, ko an yafe masa a gaban dattawa an yi musafaha, za a neme shi ya rama wa ɗan'uwansa ranar ruwan da ya cinye, in kuwa zogalen ya mutu, a yi masa ƙima ya biya.