Tayar Doguwar Tafiya a Tsohon Babur: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Duk mai tsohon babur da ke cin dogon zango da shi, ko Honda CG125 ce ta zuwa kasuwannin ƙauye, ko babbar CB750 da masu sha'awar tsofaffin mashina ke tattali a Turai da Japan, ya sha jin shawarwari kan taya. A rumfar mai faci kowa malami ne. Wasu maganganun suna da tushe, wasu kuwa asibiti suke kai mutum.

"Tayar da ke daɗewa ba ta kama kwalta a kwana"

A da haka abin yake. Roba mai tauri tana jure tafiya amma tana santsi, mai laushi kuma tana damƙar hanya amma ba ta kwana biyu. Yanzu kamfanoni suna haɗa biyun a taya ɗaya: mai tauri a tsakiya inda babur ke takawa a miƙaƙƙiyar hanya, mai laushi a gefe inda yake kwantawa a kwana. Tayar baya ta Bridgestone BT45, wadda masu tsofaffin babura suka daɗe suna saye, haka aka yi ta. Inda zancen ke nan daram shi ne a tayoyin araha, waɗanda roba ɗaya ce mai tauri daga gefe zuwa gefe.

"Radiyal ta fi, kowane babur ya dace da ita"

Ba haka ba ne. A tsohuwar ƙirar taya, zaruruwan ciki a gicciye suke, shi ya sa gefenta ke da ƙarfi. A radiyal zaruruwan sun miƙe daga baki zuwa baki, gefenta ya fi laushi, kuma galibi rim mai faɗi take so. Sai a shekarun 1980 radiyal ta shigo duniyar babura. CB750 kuwa tun 1969 ta fito da siraran tayoyi, 3.25-19 a gaba da 4.00-18 a baya, kuma a kansu aka auna jikinta da shokozobarta. Akwai radiyal da aka ƙera musamman don tsofaffi, kamar ContiClassicAttack ta Continental, amma ɗauko ta babur ɗin zamani a cusa, ko a haɗa radiyal da mai gicciye ba da izinin kamfani ba, ganganci ne.

"Mai faɗi ta fi riƙe hanya"

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi yaɗuwa, don taya mai kauri tana burge ido. Idan aka matse ta a siririn rim, bakunanta biyu suna haɗowa, bayanta ya yi tudu, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Tsakiyar ta suɗe da wuri, babur ya riƙa faɗawa kwana ba zato, wani lokacin ma gefenta ya riƙa gogar sarƙa. Girman da kamfani ya rubuta shi ne ma'auni.

"Muddin zanen bai cinye ba, taya na nan"

Ƙarya ce, kuma a tsohon babur ta fi haɗari, don yakan yi shekaru a jingine a zaure. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, rana da zafi suna hanzarta hakan. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Idan uku ne kawai, tayar ta riga shekarar 2000 zuwa duniya. Michelin na cewa a riƙa kai taya ga masani duk shekara bayan ta kai biyar, a cire ta idan ta cika goma ko da zanenta ya yi kyau. Mai sayen tayar gwanjo ya danna farce a robar, ya kuma leƙa cikin ramukan zanen. Idan farcen bai shiga ba, ko ya ga ƙananan tsagu, kada kuɗinsa su fita.

"Ana iya sa taya marar tif a wili mai waya"

Gaskiya ne, amma da tif a ciki, domin iska tana tsiyaya ta ramukan wayoyin. Tif yana ƙara zafi, don haka ake ɗaukar gudun da tayar ke jurewa ya ragu da mataki ɗaya. Sabuwar taya kuma sabon tif take so, da sabuwar robar da ke rufe kawunan wayoyi.

"In rana ta ƙwalle, a rage iska kada ta fashe"

Akasin haka ne. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasawa da yawa, ta ɗau zafi, ta goge tif har ya huje. Da safe ake auna iska, da geji, kafin a hau, ba da dannawa da yatsa ba. Ƙaruwar da take yi a hanya ba laifi ba ce. Abin da ke fasa taya shi ne lodi: idan an rubuta 52P, kilo 200 ne iyakarta, da gudun kilomita 150 a awa. Direba da goyo da buhun masara mai kilo 100 a bayan mashin suna iya haura wannan cikin sauƙi.

"Sabuwar tayar ce ta sa kan babur rawa"

Wani lokaci, idan ba ta zauna daidai a rim ba. Akwai siririn layi da ya zagaye gefenta, kuma ya kamata nisansa da bakin rim ya zama ɗaya ko'ina. Amma sau da yawa tayar tona asiri kawai ta yi. Tsohuwar da ta baje tana ɓoye lalacewar boris na wuya, da bushin ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya, da wayoyin da suka saki. Bakanike ya ɗaga babur, ya girgiza ƙafar baya hagu da dama, ya juya kan a hankali ya ji ko yana cijewa a tsakiya. In duk sun yi lafiya, sai a bi sabuwar tayar a sannu na kimanin kilomita 150 na farko, ba birkin gaggawa, ba kwanciya sosai a kwana, har sulɓin samanta ya goge.