Kwantsar Idon Karenka: Ba Kullum Ƙurar Hunturu Ba Ce

Mai karatu, ko karen gadi gare ka a Kubwa ko ɗan Lhasa a Maitama, duba idonsa da safe. Kwantsa mai yauƙi da ka goge ta dawo, ga ja, ga yawan ƙyafta ido: mu 'yan Abuja sai mu ce hunturu ne. Sau da yawa kuwa hawayen ne ya ƙafe. Idan aka yi sakaci, ƙwayar idon takan yi gyambo, har ya makance.

Gwajin minti 1 ne kacal. Likitan dabbobi zai maƙala siririyar takarda a fatar idon ta ƙasa: ta jiƙe milimita 15 zuwa sama, lafiya, ƙasa da 10, sai magani, galibi muddin ransa. Kafin ka kai shi, kada ka ɗiga masa ragowar maganin idon mutanen gida, wani yakan ƙara gyambon.