Fatar da Ke Ba da Labarin Hanta

Jariri ne ɗan wata biyu. Cikinsa ya kumbura, hannaye da ƙafafu sun rame, nonon da ya sha ba ya zama, amai da zawo sun ƙi tsayawa. Duk wanda ya gan shi zai ce tamowa ce, kuma sau da yawa hakan ne. Sai dai akwai wata cuta mai irin wannan kama wadda ba a cika samunta ba, kuma ɗan yankin fata da bai fi ƙwayar dawa ba yana iya tona asirinta.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wata 'yar jaka da ake narkar da tarkace a ciki. Nan ne sinadarin da likitoci ke kira lipase yake aikinsa na farfasa kitse da kolestarol. Idan aka haifi yaro babu shi, sai kitse ya dinga taruwa a hanta da saifa da bangon hanji, abinci ya daina shiga jiki. Likita Moshe Wolman na Isra'ila ne ya bayyana cutar a 1956, har ta ɗauki sunansa. A 1969 wasu masana biyu, Patrick da Lake, suka gano a Landan cewa rashin wannan sinadari ne tushenta.

Ina ruwan fata da ciwon hanta? Matsalar a gado take, don haka ƙwayoyin fata ma suna ɗauke da ita. Maimakon a soka allura a hantar jaririn da ya galabaita, sai a kashe zafin wuri kaɗan a fatarsa, a ɗebi ɗan yanki, a rene shi a ɗakin gwaji na wasu makonni har ƙwayoyin su yaɗu. Daga nan a ba su kitse, a auna nawa suka narkar. Na mai cutar Wolman kusan ba sa taɓa komai. Waɗanda ke ɗan taɓukawa kuwa suna nuna nau'i mai sauƙi, wanda kan ɓuya har mutum ya girma. Da irin wannan gwajin ake gane cututtukan Gaucher da Niemann-Pick.

A 2012 masana a Glasgow suka fito da gwajin ɗigon jini a kan takarda, wanda ya fi sauri. A 2015 aka amince da maganin sebelipase alfa a Turai da Amurka. Kafin zuwansa, yawancin waɗannan jarirai ba sa kai shekara.

Ana gadon cutar kamar yadda ake gadon sikila: idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Saboda haka idan ma'aurata suka rasa jarirai biyu da ciwo iri ɗaya, kada a tsaya ga ta'aziyya. A faɗa wa likita labarin duka biyun kafin na uku ya zo.