Ko Kun Sani? Furotin Ma Yana Da Hannun Da Yake Murɗawa

Dankalin turawan da ake nomawa a Bonkuku, cikin kwarin Dallol Boso, da jikin manomin da ya shuka shi, furotin ɗinsu gefe ɗaya yake murɗawa. Ana gina furotin ne da ƙananan sinadarai masu suna amino asid, a jere cikin sarƙa, kuma sau da yawa sarƙar kan naɗe kamar igiyar kaba da aka tufka. A cikin halittu, kusan kullum naɗin na hannun dama ne. Linus Pauling da abokan aikinsa suka bayyana siffarsa a 1951: amino asid 3.6 a kowane zagaye.

Dalili kuwa, amino asid ma yana da hannu, wato nau'in L da nau'in D, kuma na halittu nau'in L ne. Idan masana suka haɗa sarƙar da nau'in D, mai siffar kishiyar L, sai naɗin ya koma hagu.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne wani amino asid mai suna Aib. Shi ba shi da dama, ba shi da hagu, don haka sarƙarsa kan yi ta juyawa tsakanin ɓangarorin biyu. Amma a maƙala mata amino asid ɗaya tak mai hannu a bakinta, sai duk sarƙar ta karkata gefe guda.

Wannan ilimi ya shiga harhaɗa magunguna. Sinadaran jiki masu narkar da furotin ba sa saurin gane baƙon amino asid irin Aib, shi ya sa aka sa shi cikin semaglutide, maganin ciwon suga, don ya daɗe cikin jini.