Abin da Jakin Karo Ya Sani Game da Tirela

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kasuwar Gallabat ya ga irin wannan. Yaro ya loda wa karo buhuna, ya jera su can baya don kada saukewa ta ba shi wahala, sai sandunan karon su ɗaga sama, ɗamarar cikin jaki ta tsuke, jakin ya kama tafiya kamar mai sanɗa, kofatonsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. A ƙara buhu guda, sai ya tashi sama ɗungurungum yana harbin iska, 'yan kallo na ta dariya. Karo dai shi ne amalanken jaki a bakin mutanen Sudan, kuma Hausawan wannan yanki, waɗanda kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka, tuni suka ari kalmar. Can sai wani dattijo ya ɗaga murya daga inuwa: "Kai ɗan nan, matso da buhu biyu gaba mana!" Yaro ya ce, "To, Baba." Shi ke nan, jaki ya sauko. Ba a sake jaki ba, ba a sayi sabon linzami ba.

Wannan jakin nake tunawa duk lokacin da wani ya tambaye ni wane irin mahaɗi zai sa wa boksinsa, wato a-kori-kura, don tirela ta daina yi masa rangaji a hanya.

Tambayar tana da dalili. Tun shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a ƙasar Gadarif, tirela ta zama kayan gida. Da kaka, in an yanke riɗi aka shiga dawa, hanyar da ta taso daga Gallabat ta bi ta Doka zuwa Gadarif, mai tsawon kilomita 150 da 'yan kai, takan cika da abin hawa mai jan wani abu. Tarakta ba ta da matsala sosai, don tafiyarta ta hawainiya ce. Amma ɗaura wannan tirelar a bayan boksi, a hau kwalta a taka totur, sai wata babbar mota ta taho daga Metema ta wuce da iskarta, ka ji gindin motarka ya karkata dama, ya dawo hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. A lokacin wutsiya ce ke juya saniya.

Asalin ciwon shi ne na jakin. In nauyi ya taru a bayan tayoyin tirela, hancinta yakan ɗaga gindin motar, tayoyin baya su rasa kamun ƙasa, kayan kuma su zama kamar guga a bakin doguwar igiya. Masu jan gidajen tafi-da-gidanka a Amurka suna da ƙa'idar da suka daɗe a kanta: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta ya sauka a kan mahaɗi, kuma kusan kashi 60 na kayan ya zauna gaban tayoyi. Idan tirela da lodinta sun kai kilo 1,000, hancinta ya danna da kilo 100 zuwa 150. Buhun dawa na nan kilo 90 ne, ka ga ke nan buhu ɗaya da ɗoriya. In nauyin hancin ya zarce haka kuma, gaban motar ne zai ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitilu su koma haska taurari. Jaki ma in an danne masa gadon baya durƙusawa yake yi.

Sai an gama wannan lissafi ake zancen ƙarfe.

Mafi yawa a gonakinmu fil ne da zobe, ko ƙugiya da zobe. Yana da juriya, yana barin tirela ta murɗa yadda take so in ana tsallaka kwari ko ana kutsawa cikin baƙar lakar nan da ke tsattsagewa da rani. Aibinsa sako-sako ne, kamar silifan yaya a ƙafar ƙane: za a kai gida, amma da ƙarar falat-falat, kuma kada a ce za a yi gudu. Duk ɗan filin da ke tsakanin fil da zobe, nan rangaji ke samun ƙofa.

Mahaɗi mai ƙwallo ya fi kama jiki, sai dai yana da tarko. Ƙwallon ƙirar Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai kusan milimita 48. A ido duk ɗaya suke, a tulin kayan gwanjo kuwa ba mai ware maka su. Ka sa ƙaramin ƙwallo a babban baki, kamar ka kifa wa tukunya murfin da ba nata ba ne. Ramin farko da za ka faɗa, sai ta yi tsalle ta fice. Shi ya sa ake ɗaura sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin hancin, don in ya kuɓuce ya faɗa kansu, kada ya caki kwalta.

Akwai mahaɗi mai sanduna biyu na sifirin, wanda ke kwashe wani kaso na nauyi daga gindin mota ya mayar wa tayoyin gaba da na tirelar. Aikin majanyi ke nan. Mace ta goya yaro da zane kaɗai, sai ya yi ta zamewa ƙugu tana tafiya a gantsare; ta ɗaura majanyi, nauyin yaron bai ragu da ko kwabo ba, amma ya bazu, ta miƙe. Wasu ana haɗa su da wani ƙarfe mai gogayya da ke sa gaɓar ta yi tauri, kamar ƙyauren da aka ɗaure wa tsumma don iska ta daina buga shi. A kwalta mai kyau wannan shi ne zaɓina ga mai jan kaya masu tsayi da iska ke kamawa. Amma ba kowace mota aka ƙera ta ɗauke shi ba, kuma masu ƙera ƙarfen gogayyar da kansu sukan ce a sassauta shi a hanya mai santsi, a cire shi in za a yi ribas. To da damina a Gallabat, wace hanya ce ba ta da santsi?

Wanda ya fi duka shi ne irin na manyan tireloli, inda mahaɗin ke zaune daidai kan tayoyin baya. Dubi mai tallan nono da ƙwarya a kan gammo: nauyin na bisa ƙashin bayanta, tana tafe tana hira. Miƙa mata ƙwaryar ta riƙe a tsawon hannu, ka ga ko za ta kai ƙofar gari. Mahaɗin da ke can bayan bamba shi ne tsawon hannun, kuma duk inci ɗaya da mai walda ya ƙara masa don a samu buɗe ƙofar baya, ya ƙara wa tirela ƙarfin juya mota. Na sha ganin an yi haka da kyakkyawar niyya.

In kuwa rangajin ya riga ya fara, ƙafa takan ruga birki da kanta, hannu ya so ramawa da sitiyari, duka biyun kuma zuga shi suke yi. A riƙe sitiyari tsaye, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar gudu ya mutu a hankali, sannan a gangara gefe a duba lodi da iskar taya.

Ni dai kafin in raka mutum wajen mai sayar da ƙarfe, rumfar mai awon riɗi nake fara kai shi. Mu ari sikeli, mu ɗora ɗan gungume a kai daidai tsayin ƙwallo, mu sauke hancin tirela a bisansa da lodinta cif. Ran nan allura ta tsaya a kilo 30, alhali kayan sun doshi tan guda. Mai tirelar ya dubi sikeli, ya dube ni, ya tuɓe riga ya hau janyo buhuna gaba.