Ƙauyen da masu zane suka biya kuɗin abinci da hotuna

Tun kana ƙasan tudu kake hango ganuwarsa. Saint-Paul-de-Vence ƙauye ne a kudancin Faransa, ba nisa da birnin Nice, kuma in gari ya washe ana hango Bahar Rum daga kan ganuwar. Sarki François na Ɗaya ne ya sa aka gina ta a shekarun 1540, lokacin da garin yake bakin iyakar ƙasarsa. Har yau tana nan tsaye, ta rungume gidajen dutse da lunguna masu tsuke da mota ba ta iya ratsawa.

Dab da ƙofar gari akwai wani fili a inuwar itatuwa, inda dattawa ke wasan jifa da ƙwallayen ƙarfe, wanda suke kira pétanque. Za ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, ƙas, sai a duƙa ana auna wanda ya fi kusa da ɗan ƙwallon katako, gardama ta kaure. A gefen filin nan masaukin La Colombe d'Or yake, kuma a ganina daga nan labarin garin ya samo tushe.

Wani ɗan garin, Paul Roux, ya buɗe ɗan gidan shan shayi a wurin a 1920, daga baya ya mai da shi masaukin baƙi. Mutum ne mai son zane, mai son masu yinsa. Masu zane da hasken kudu ya jawo su sukan sauka gidansa, su ci, su kwana, wasu su bar masa hoto a madadin kuɗi. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Yau ayyukan Picasso da Matisse da Braque da Miró na rataye a bangon ɗakin cin abinci, aikin tangaran na Léger na manne a bangon farfajiya, ƙirar Calder kuma tana juyawa da iska a bakin wurin wanka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a killace su ba. Mutum na yanka burodi, hoton da manyan gidajen tarihi ke mafarkin mallaka na bisa kansa. Karamcin mutum ɗaya ne ya fara tara wannan dukiya.

A wajen ganuwa, cikin itatuwa, akwai cibiyar Maeght. Aimé da Marguerite Maeght dillalan zane ne da suka yi rashin ɗansu Bernard a 1953. Abokansu masu zane suka ba su shawarar su mai da baƙin cikin aiki, aka buɗe cibiyar a 1964. A tsakar gidanta gumakan tagulla na Giacometti ke tsaye, dogaye sirara kamar kara, sun ɗaga ƙafa kamar masu shirin tafiya.

Mai zane Marc Chagall ya tare a garin a 1966, ya zauna har rasuwarsa a 1985. Kabarinsa na cikin maƙabartar da ke ƙarshen gari, dutse ne shimfiɗaɗɗe ba ado. Masu ziyara kan ɗora 'yan tsakuwoyi a kansa, bisa al'adar Yahudawa.

Sai dai ba kowane baƙo garin ya riƙe amanarsa ba. Babban lungun garin, Rue Grande, yanzu shagunan hotuna da na tsaraba ne jere da juna, da rani ba masaka tsinke saboda 'yan yawon buɗe ido. Wannan da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne gidan James Baldwin, marubucin nan baƙar fata ɗan Amurka, wanda wariyar launin fata ta sa ya bar ƙasarsa. Nan ya sauka a 1970, a wani tsohon gida a ƙasan ganuwa, nan ya yi rubuce-rubucensa na ƙarshe, nan yake karɓar baƙi irin su mawaƙiya Nina Simone da makaɗi Miles Davis, nan kuma ya cika a 1987. Masoyansa sun yi ta fafutukar a mai da gidan masaukin marubuta, abin bai yiwu ba. An rushe wani sashe nasa, filin da lambunsa yake kuwa an gina gidajen alfarma na sayarwa a kai.